Masauki Ba Gida Ba Ne: Sharhi a Kan Littafin Orwell na 'Yan Yawo

Gabatarwa

Da yawa daga cikin masu karatun wannan mujalla sun san George Orwell ne ta hanyar Gandun Dabbobi, watau fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin Animal Farm, wadda aka buga a 1975. To, tun shekara 12 kafin fitowar Animal Farm, wannan marubuci ya riga ya wallafa littafinsa na fari mai suna Down and Out in Paris and London, ma'ana zaman tsiya da fatara a biranen Faris da Landan. Kamfanin Victor Gollancz ne ya buga shi a watan Janairu na 1933, bayan wasu kamfanoni biyu sun ƙi karɓarsa. Wannan littafi nake son in ɗan yi sharhi a kansa.

Abin da ya ja hankalina gare shi tambaya ce guda, wadda har yau manyan biranen duniya ba su gama amsa ta ba. Idan mutum ya rasa wurin sa haƙarƙarinsa, hukuma ko wata ƙungiyar jinƙai ta ba shi masaukin kwana, ta yaya zai bar masaukin nan ya koma riƙe kansa? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne Orwell ya gano cutar sarai, ya kuma bayyana ta yadda mai karatu ba zai manta ba, amma maganin da ya rubuta bai kai ya raba majinyacin da asibiti ba.

Marubucin da Zubin Littafin

Sunan marubucin na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya ta Ingila, sa'an nan ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927. Da ya ajiye aikin sai ya shiga sa tsummoki yana cuɗanya da matalautan Landan, daga baya kuma ya ƙaura Faris, inda ya zauna a 1928 da 1929. A kan wannan littafi ne ya fara amfani da sunan George Orwell. Ya rasu a 1950.

Littafin yana da babi 38, kuma ya kasu gida biyu. A kashi na farko mai ba da labari yana Faris. Kuɗinsa sun ƙare, ya jinginar da tufafinsa, ya kwana da yunwa, har abokinsa Boris, wani tsohon hafsan sojan Rasha, ya samo masa aikin wanke-wanke a ƙarƙashin wani babban otal. Daga nan suka koma wani ƙaramin gidan abinci inda yake aiki har sa'a 17 a rana. A kashi na biyu ya dawo Landan bisa alkawarin wani aiki, ya tarar masu aikin sun yi tafiya sai bayan wata guda, don haka ya faɗa cikin 'yan yawo. Kada mai karatu ya ɗauka almajirai ake nufi. Waɗannan manyan maza ne, da yawansu leburori da tsofaffin sojoji waɗanda aiki ya kuɓuce musu, suka rasa ɗakin haya, suka koma gararamba daga gari zuwa gari.

Sharhina ya fi karkata ga kashi na biyu, domin nan ne batun masauki yake.

Jigo

A nawa ganin, babban jigon wannan kashi shi ne cewa masaukin ne da kansa yake ƙera ɗan yawo. Mutanen Ingila na lokacin sun ɗauka ɗan yawo rago ne, ko kuwa yawon a jininsa yake. Orwell ya rushe wannan zato da hujja mai sauƙi, watau dokar masaukin.

Ga yadda abin yake. A jikin gidajen gajiyayyu na hukuma akwai wani sashe na baƙi masu wucewa, wanda su 'yan yawon suke kira "spike". Doka ta hana mutum ya shiga masauki guda fiye da sau ɗaya a wata, in kuwa an kama shi ya maimaita sai a tsare shi mako guda. Saboda haka da zarar an sallame shi da hantsi, dole ya kama hanya da ƙafa, mil 10 ko 15 ko fiye, don ya isa masauki na gaba kafin dare. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ke nan abin da ke sa ɗan yawo yawo shi ne doka. Mutumin da kullum yana bisa hanya kuwa, yaushe zai tsaya neman aiki? Wa zai ɗauki wanda ba shi da adireshi? Ina zai ajiye ko da rigar da zai sa ya je gaban mai ɗaukar ma'aikata?

Marubucin bai tsaya ga dokar kaɗai ba, ya shigar da mu cikin masaukin muka gani da idonmu. A bakin ƙofa ana caje mutum, a karɓe 'yan kwabbansa da tabarsa. Ya nuna mana maza kimanin 50 tsirara suna turereniya a kan bahon wanka 2 da tawul 2. Abinci burodi ne da ɗan bota da ruwan koko ko shayi. Ana kulle su a ɗaki tun farkon dare har safiya. Likita yana zuwa, amma agana kawai yake dubawa, sauran cututtuka ba ruwansa. Wajen sallama ana ba kowa takardar cin abinci ta sisi, mai shagon kuma ya ba shi na kwabo 4, don ya san mai riƙe da takarda ba shi da wani shagon zuwa. A wani masaukin an sa mai ba da labari aiki a ɗakin girki, ya ga ana zubar da ragowar nama da burodi a shara alhali mutane na can kulle da yunwa, kuma ya fahimci da gangan ake yin haka, wai don kada masauki ya yi daɗi jama'a su yi ta tururuwa.

Sai kuma masaukan da ake biya. Akwai wanda ake zama a kan benci a jingina da igiya a yi barci a kan kwabo 2, da asuba a kwance igiyar. Akwai wanda ake kwana cikin akwatin katako a kan kwabo 4. Akwai na ƙungiyar Kiristoci ta Salvation Army, wanda marubucin ya yarda yana da tsabta, amma ya ce ya fi sauran sa baƙin ciki, saboda ana tafiyar da manyan mutane kamar kuratan soja, da usur da jerin hane-hane. Haka kuma ya nuna yadda ake ba su shayi kyauta a majami'a bisa sharaɗin su zauna a yi musu wa'azi, su kuwa su rama da ba'a da tsaki. A nan ya fito da wani abu da mai bayarwa ba ya son ji, watau wanda ake yi wa sadaka da sharaɗi sau da yawa haushin mai sadakar yake ji, domin kowace loma tana tuna masa matsayinsa.

A babi na 36 ya tattara illolin wannan rayuwa zuwa uku: yunwa, da yankewa daga mata da zaman iyali, da zaman banza na dole. In an lura, babu ɗaya daga cikin ukun da masaukin yake magancewa. Hasali ma shi yake raya su.

Taurari

Mutum biyu ne suka riƙe wannan kashi, Paddy da Bozo, kuma ina ganin a wajen zana su ne gwanintar marubucin ta fi fitowa.

Paddy mutumin Ailan ne, ɗan kimanin shekara 35, tsohon soja, wanda ya rasa aikinsa na masana'anta shekara biyu kafin su haɗu. Mutum ne mai kyauta, yana raba ɗan guntun burodinsa da abokin tafiya. Amma idonsa kullum yana ƙasa yana tsintar guntayen taba, hirarsa ba ta wuce abinci da masauki, kuma yana jin ƙyashin duk wanda ke da aiki. Akwai inda ya ga kwalbar madara a ƙofar wani gida, yunwa na cinsa, ya tsaya yana kallo ya kasa ɗauka, kuma marubucin ya nuna tsoro ne ya hana shi. Shekara biyu na burodi da jerin gwano sun cinye masa zuciya. Paddy shi ne amsar masu cewa a bar mutum a masauki har sai ya nuna ya shirya riƙe kansa, domin kowane wata da ya ƙara a wannan hali shirin nasa raguwa yake yi.

Bozo kuwa mai zane ne da alli a gefen titi kusa da kogin Landan. Da can mai fenti ne, ya faɗo daga bene a Faris ƙafarsa ta ragargaje. Ba shi da komai, kuma ya san ƙarshensa gidan gajiyayyu ne, amma yana karatu, yana kallon taurari da dare yana kiran sunayensu, ba ya kunyar talaucinsa, ba ya kuma yi wa kowa godiyar dole. Ra'ayinsa shi ne talauci ba ya shiga cikin kan mutum sai in ya bar shi.

Mai karatu zai so Bozo, ni ma ina sonsa. Sai dai akwai haɗari a cikin son nan. Mai gaggawa zai ce, to, ai ga shi nan, duk wanda ya lalace shi ya so. Marubucin ya kauce wa wannan tarko da ya bayyana cewa irin Bozo ba su da yawa. Zan ƙara da cewa Bozo yana da abubuwa biyu da Paddy ba shi da su: sana'a a hannu, da kuɗin biyan gadon haya mafi yawan darare, wanda ya sa ba a kora shi bisa hanya kowace safiya.

Salo da Inda Aka Gaza

Salon littafin miƙaƙƙe ne, babu ƙawa. Marubucin yana lissafa kuɗi kwabo-kwabo, yana faɗin nauyin burodi da faɗin ɗaki, kuma wannan ƙididdiga ita ke sa a gaskata shi. Yana da ban dariya a wuraren da wani zai yi kuka. Ya kan tsayar da labari ya yi babi guda na tsokaci, kamar babi na 31 inda ya kawo hujjar cewa bara ma sana'a ce kamar sauran, kuma abin da ya sa ake raina mabaraci shi ne ribarsa ba ta da yawa.

Amma littafin yana da aibu, kuma ba ƙanana ba. Na farko, ɗinkin da ya haɗa Faris da Landan sako-sako ne. Masu nazarin rayuwarsa sun nuna cewa ya fara shiga cikin 'yan yawon Ingila tun kafin ya je Faris, ya kuma ci gaba bayan ya dawo, saboda haka labarin jiran aiki na wata guda dabara ce ta haɗa zance. Na biyu, akwai maganganun raini ga Yahudawa da wasu ƙabilu, da wani ƙazamin labari na cin zarafin yarinya da wani Charlie yake bayarwa a babi na 2, wanda bai ƙara wa jigon komai ba. Na uku, mata marasa muhalli kusan babu su a littafin. Ya kawo alƙaluman da ke nuna maza sun ninka su kusan sau 10, ya wuce, bai tsaya ya tambayi inda sauran suke fakewa da abin da fakewar take ci musu ba.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Orwell baƙo ne a cikin talauci. Yana da gwaggo a Faris, iyayensa suna da gida a garin Southwold, kuma duk ranar da ya ga dama zai iya wanka ya koma cikinsu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san ɗanɗanon yunwa, amma bai san zaman wanda ba shi da ranar fita ba. A shafin ƙarshe shi ma ya yarda cewa gefen abin kawai ya taɓa, kuma wannan gaskiya da ya faɗa ta ƙara masa daraja a idona.

Maganin Orwell a Kan Ma'auni

Shawarar da ya bayar a babi na 36 ita ce kowane gidan gajiyayyu ya buɗe gona ko lambu, duk mai lafiya da ya zo a sa shi aikin yini, a ciyar da shi da amfanin gonar. Da haka, in ji shi, ba sauran dalilin korar mutane kullum, za su zauna wuri guda, su zama ma'aikata, wataƙila har su yi aure su koma cikin jama'a. Ya ce shawara ce ɗanya. Ya kamata kuma a tuna ya yi rubutun ne lokacin karayar tattalin arziki, sa'ad da marasa aiki a Birtaniya suka doshi miliyan 3.

Duk da haka ina da ja. A gonar Orwell har yanzu jami'i ne ke riƙe da mabuɗi, shi ke faɗin lokacin tashi da na kwanciya, kuma gadon mutum yana rataye ne da aikin da ya yi yau. Ranar da ya kwanta ciwo fa? Bozo mai ragargajajjiyar ƙafa fa, ina matsayinsa? Abin mamaki, marubucin da a 1945 ya ba duniya labarin gandun da wasu ke noma wasu na riƙe da rumbu, shi ne a 1933 ya ga gandun hukuma a matsayin mafita. Ya gyara masaukin ne, bai nuna ƙofar fita daga cikinsa ba.

Abin da ya biyo baya ya ba mu ma'aunin da shi bai samu ba. An soke tsohuwar dokar gajiyayyu ta Ingila a 1948. A Turai da Amurka kuma aka daɗe ana bin wani tsari mai kama da tsani: mutum ya fara da masaukin dare, in ya daina shaye-shaye ya karɓi magani a ɗaga shi zuwa gidan wucin gadi, in ya ci wannan jarrabawa sa'an nan a ba shi ɗakin kansa. Da yawa sukan zame a tsakiya su koma ƙasa, su shekara suna zagaye, tamkar Paddy. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a birnin Niyok, ya juya tsanin. Tsarinsa, wanda ake kira Housing First, watau gida tukuna, shi ne a fara ba mutum ɗakin haya da sunansa da mabuɗinsa, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a su riƙa ziyartarsa, ba tare da an gindaya masa sharaɗin daina shaye-shaye kafin ya shiga ba. Binciken da aka yi ya nuna kimanin mutum 8 cikin 10 sun riƙe ɗakunansu, alhali waɗannan su ne aka yanke wa ƙauna. Kanada ta gwada tsarin a birane 5 daga 2009 zuwa 2013, da mutane sama da 2,000, ta kuma ga sun fi waɗanda aka bari a tsohon tsari zama a gida nesa ba kusa ba.

Ƙasar Finlan ta mai da shi manufar gwamnati a 2008. Abin da ya fi dacewa da sharhinmu shi ne, a birnin Helsinki akwai wani masaukin Salvation Army mai gado 250, irin dai wanda Orwell ya kwana a cikinsa ya yi ƙorafi. A 2012 aka mai da shi gidaje kimanin 80, kowa da ƙofarsa da takardar hayarsa. Marasa muhalli a ƙasar sun haura 18,000 a 1987, amma a 2022 ba su kai 4,000 ba, ko da yake adadin ya ɗan ƙaru a 2024.

Adalci ya sa in faɗi inda Orwell yake da gaskiya. Gwajin Kanada bai nuna wani babban bambanci ba ta fuskar barin shaye-shaye ko warkewa daga taɓin hankali. Mabuɗi yana raba mutum da titi, amma ba ya ba shi abin yi da safe, ba ya kuma kawo masa abokin hira. Illa ta uku da ya ambata, zaman banza, tana iya bin mutum har cikin sabon ɗakinsa. Bugu da ƙari, tsarin gida tukuna yana bukatar ƙasar da ke da gidajen haya masu araha da kuɗin tallafi, kuma inda babu su magana ce kawai. A babi na 37 ma shi da kansa ya nemi a tilasta wa masu gidajen kwana su sa shamaki tsakanin gadaje don mutum ya samu kaɗaici in zai yi barci. Ya zo dab da amsar ke nan. Inda muka rabu da shi shi ne wajen jeri: shi ya sa aiki gaba, zama ya biyo baya, ni kuwa abin da aka gani daga 1992 zuwa yau ya gamsar da ni cewa sai mutum ya samu wurin zama tabbatacce sa'an nan aikin yake kama ƙasa.

Kammalawa

Down and Out in Paris and London littafin mai koyo ne, ɗinkinsa na bayyane, kuma yana ɗauke da wasu munanan ra'ayoyin zamaninsa. Amma ya yi abin da adabi ya fi rahoton hukuma iyawa, watau ya sa mai karatu ya tsaya cikin layi a ƙofar masauki ya ji yadda ake mai da magidanci yaro. Wanda ya karanta labarin Paddy zai gane dalilin da ya sa aka ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ina ba 'yan'uwa ɗalibai shawarar su neme shi su karanta, musamman daga babi na 24 zuwa ƙarshe, su kuma auna shawararsa ta gona da kansu. In an sami mai himmar da zai fassara shi zuwa Hausa kamar yadda aka yi wa Gandun Dabbobi, to, ya yi wa harshen hidima.